Gyaran Aksul Kafin Hawan Mambila: Lissafin Da Ke Gaban Masu Motocin Daji

Da zarar damina ta kankama a kan tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba, akwai wata muhawara da kan taso a garejin kanikawa tsakanin 'yan kasuwa masu motocin shiga daji da direbobinsu da kuma masu duba musu motocin, ko a Legas ne, ko Badun, ko Anaca, ko Makurɗi. Muhawarar kuwa ba ta wuce wannan ba: an ɗaga mota a kan jak, an girgiza ƙafa an ji tana motsi, ko kuwa an ga mai yana tsatsafowa daga jikin aksul, ga kaya an riga an ɗaure, ga abokan ciniki suna jira a Gembu ko Nguroje. Shin a tsaya a kwance aksul a gyara, ko kuwa a lallaɓa a je a dawo tukuna?

Tambayar tana da sauƙin faɗi, amma amsarta ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. Kusan dukkan abin da ke cikin aksul, tun daga boris da sil har zuwa shaf da haƙora, daga ƙasashen waje ake shigo da shi, saboda haka farashinsa yana bin dala ne sau da ƙafa. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin musayar kuɗi ya sakar wa naira mara, inda dala ɗaya da ake sayarwa kimanin naira 460 a farashin hukuma ta zarce naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Kafin wannan mataki da 'yan makonni, ran 29 ga Mayu, 2023, an janye tallafin man fetur. Ya zuwa Disambar 2024 kuwa, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ɗan kasuwar da jarinsa ya tsuke ta kowace fuska, ba abin mamaki ba ne idan ya ji bakanike ya ambaci kwance aksul ya ce a bari sai an dawo. Sai dai wannan tsadar ce kuma ta sa lalacewar mota a hanya ta fi da muni, domin motar da kayan da ke cikinta duk darajarsu ta ninka, kuma maye gurbinsu ya fi ƙarfin mutane da yawa.

Ya kamata a fara da hanyar kanta. Mai tasowa daga kudu yakan bi ta Katsina-Ala da Takum, mai tasowa daga arewa kuma ta Jalingo, su haɗu a yankin Bali, sa'an nan su nufi Serti, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gashaka. Daga Mayo-Selbe ake fara hawa, hanya mai kwana-kwana tana nannaɗe da jikin dutse, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya kwazazzabo, har a ɓulla Maisamari a kan tsaunin da tsayinsa ya haura mita 1,500 daga doron teku. Kwalta tana kaiwa har Gembu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna. Amma dukiyar Mambila ba a bakin kwalta kaɗai take ba. Ban da ganyen shayin Kakara da ya yi suna, akwai shanu da masara da dankalin Turawa da fiya da ayaba da kofi da katako, kuma akasarinsu suna can cikin ƙauyuka da rugage da kasuwannin kan iyakar Kamaru irin su Dorofi, inda hanya jar ƙasa ce mai santsi, ga gangare, ga rafuka da ake ratsawa da mota. Damina a wurin takan ɗauki wajen watan Afrilu har zuwa Oktoba.

Wannan ne ya sa tsofaffin Land Rover suka daɗe suna cin kasuwa a kan tsaunin, alhali a wasu sassan ƙasar an manta da su. An fara ƙera motar a Ingila a 1948, kamfanin Leyland ya taɓa harhaɗa ta a Badun, kuma tsohon samfurin Defender an daina yinsa tun Janairun 2016. Sauran aikin Toyota ne ke yi, musamman Land Cruiser samfurin 70 da ta fito a 1984, da kuma Hilux. Yawancin motocin nan sun ga jiya sun ga yau, kuma da wuya a sami wadda aksul ɗinta bai ci ba ta wani gefen. Ashe ke nan tambayar da ke da amfani ba ita ce ko akwai abin da ya ci ba, domin kullum akwai. Tambayar ita ce, idan wannan abu ya ƙarasa mutuwa a tsakiyar hanya, motar za ta iya tsayawa da ƙafafunta ta mirgina zuwa gari, sitiyari da birki suna aiki, ko kuwa a'a? A kan wannan ma'auni ya kamata a yanke shawara, ba a kan tsadar kayan gyara ko ƙarfin ƙarar da ake ji ba, domin sau da yawa abin da ya fi ƙara ba shi ne ya fi haɗari ba.

Abin da ke kayar da ƙafa

Boris ɗin ƙafa shi ne kan gaba, kuma gwajinsa bai fi minti goma ba. A ɗaga ƙafar daga ƙasa, a kama taya sama da ƙasa da hannu biyu a girgiza. Idan an ji motsi, sai wani ya shiga ya taka birki a sake girgizawa. In motsin ya ɓace, to boris ɗin ƙafa ne ya saki ko ya ci. In kuwa yana nan daram, matsalar tana cikin gwiwar da ƙafar gaba ke juyawa a kai yayin karya kwana, wato boris ɗin kimfin a motoci masu aksul guda, ko mahaɗan ƙwallo a motocin zamani. Idan kuma aka kama taya hagu da dama aka ji motsi, sai a duba sandunan sitiyari. Boris da ya saki kawai, ana iya wanke shi, a cika shi da sabon giris, a ɗaure daidai. Wanda ƙwayoyinsa suka yi tabo, ko launinsa ya koma shuɗi-shuɗi saboda zafi, ko yake gurnani idan an juya taya da hannu, ba shi da wani magani illa canji.

Dalilin tsanantawa a kan boris shi ne yadda yake mutuwa. Yakan fara da zafi, giris ya narke ya gudu, ƙarfe ya shiga cin ƙarfe, daga ƙarshe ya tarwatse ko ya manne da sandar da yake zaune a kai kamar an yi masa walda. A lokacin kuma ba boris kaɗai za a saya ba, har da sandar da hob ɗin, wato cibiyar da ƙafa ke juyawa a kai, wani lokaci ma har da faifan birki. Abin takaici shi ne boris yana cikin mafi arahar abubuwan da ke cikin aksul, amma shi aka fi yi wa “a bari sai an dawo”, don kawai bai cika ihu ba sai ya kusa ƙarewa.

A nan mai mota yana bukatar sanin irin aksul ɗin baya da motarsa ke da shi, domin iri biyu ne, kuma bambancinsu babba ne ranar da abu ya ɓaci. A Land Rover da akasarin Land Cruiser 70 masu ɗaukar kaya, nauyin mota yana kan hob ne da boris biyu, shaf kuwa juya ƙafa kawai yake yi. Idan shaf ya karye, ƙafa tana nan a wurinta. Ana iya zare shi, a fitar da guntun da ya saura a ciki, a kwance farfelar baya, a sa giyar ƙafa huɗu a dawo gari da aksul ɗin gaba kaɗai. A Hilux kuwa shaf ɗin baya shi ne ke juya ƙafa, shi ne kuma ke ɗauke da nauyi a kan boris guda da aka matse a jikinsa. Idan wannan boris ya tarwatse, ko shaf ya karye daga bakinsa, ƙafar tana iya zarewa gaba ɗaya da gangar birkinta. Gurnanin da mai Land Cruiser zai iya sa wa ido na 'yan kwanaki, mai Hilux da ya yi lodi bai kamata ya hau Mayo-Selbe da shi ba.

Haka zalika gwiwar gaba. Idan boris ɗin kimfin ya ci, mota takan riƙa yawo a hanya, wani lokaci kuma da an faɗa rami sai sitiyari ya kama rawa ba ƙaƙƙautawa har sai an rage gudu. Akwai kuma notuna huɗu da ke riƙe da hannun sitiyari a jikin gwiwar Land Cruiser, waɗanda gargada kan sassauta a hankali. Ɗaure su ba ya cin ko kwabo, amma idan aka bar su suka yi ta motsi har suka guntule, direba ya rabu da sitiyarinsa ke nan. Duk waɗannan ba su cikin abubuwan da ake ciniki a kansu. Ko a gyara, ko a fasa tafiyar.

Abin da ake iya lallaɓawa

Yoyon mai shi ne ya fi tayar wa masu mota hankali, domin ido yana ganinsa, amma ba kowane yoyo ne ke hana tafiya ba. Bayan gwiwar gaba akwai wani babban ƙwallon ƙarfe da sil ke sharewa, kuma ɗan danshin giris da ƙura a jikinsa abu ne da aka saba gani, har ma alama ce ta cewa akwai giris a ciki. Abin dubawa shi ne kaurin abin da ke fitowa. A Land Cruiser akwai wani ƙaramin sil a can ciki da ke raba man giyar aksul da giris ɗin gwiwa. Idan ya mutu, mai yakan kwarara ya tsinka giris ya koma kamar kunu, ya riƙa ɗiga a jikin taya daga ciki. Daga nan matsala biyu ce ke tafe: man aksul yana raguwa, kuma giris ɗin da ya tsinke ba ya riƙe boris. Idan ɗigon kaɗan ne, kuma bai kusanci birki ba, ana iya ƙara mai da giris a yi tafiya ɗaya ana dubawa. Idan kuwa ya kai ga takalmin birki, gaba ko baya, magana ta ƙare, domin takalmin da ya sha mai ba ya kamawa, kuma mota takan fizge gefe guda idan an taka. Mai saukowa daga Maisamari da lodi yana bukatar birkinsa duka huɗu.

Sai mahaɗin da ke cikin gwiwar, wanda ke ba shaf damar juya ƙafa ko da an karya kwana. Ƙwayoyin ƙarfe shida ne a cikin keji, kuma a Land Cruiser ana kiransa Birfield, sunan wani kamfanin Ingila. Idan ya ci yakan yi ƙas-ƙas-ƙas lokacin da aka karya sitiyari har ƙarshe ana cikin giyar ƙafa huɗu, wadda direbobi ke kira ogzilari. Ƙarar tana da ban tsoro, kuma kayan yana da tsada, amma mahaɗin da ke ƙara yana iya yin watanni bai karye ba idan akwai giris kuma direba yana da hankali. A motocin da ake iya buɗe makullin hob ɗinsu, mahaɗin ba ya ma aiki a kan kwalta. Abin da ke karya shi sananne ne: a karya sitiyari har ƙarshe, a ba da wuta sosai a cikin taɓo, taya tana juyawa a banza sai kwatsam ta kama dutse. Saboda haka idan tafiyar iyakarta Gembu ce, ana iya jinkirta canjinsa. Idan kuwa za a bar kwalta a shiga ƙauyuka cikin damina, inda ogzilari zai wuni yana aiki, to lissafin ya canza, domin mahaɗin da ya fashe gutsattsarinsa suna iya cije sitiyari, kuma sai an kwance gwiwar a cikin taɓon an kwashe su kafin mota ta motsa. Land Cruiser samfurin 80 mai jan ƙafa huɗu kullum ba ta da wannan rangwamen na kwalta. Hilux na baya-bayan nan kuwa, waɗanda ƙafafunsu na gaba kowacce ke motsi ita kaɗai, mahaɗinsu yana cikin rigar roba ne; idan robar ta yage, yashi da ruwa za su cinye shi cikin ɗan lokaci, alhali canjin robar tun da wuri ƙaramin aiki ne.

Kukan da ke fitowa daga tukunyar aksul, wato ƙullutun nan na tsakiya inda manya da ƙananan haƙora suke, shi ne ya fi wuyar yanke wa hukunci da kunne. Hanya mafi araha ita ce a juye man a cikin kwano mai tsabta a duba. Notin da ake kwancewa a ƙasa yana da maganaɗisu. Idan abin da ya manne masa laushi ne kamar toka, wannan cin yau da kullum ne, kuma aksul mai ɗan kuka yana iya yin shekara yana aiki. Idan aka ga ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi, ko guntun haƙori, to ana gab da asara. Idan kuma man ya fito fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ne ya shiga. Yadda yake shiga kuwa shi ne, aksul ya yi zafi da tafiya, a faɗa rafi mai sanyi, iskar ciki ta tsuke ta zuƙo ruwa ta kafar numfashin da ke saman aksul, ko ta bakin sil idan kafar ta toshe da laka. Mutane da yawa sukan canza sil sau biyu sau uku yana sake yoyo, ba su san cewa 'yar kafar nan ce ta toshe take tura mai waje ba. Wanke ta, ko jona mata tiyo a ɗaga bakinta sama, ya fi yawancin gyare-gyaren da ake biya da tsada amfani ga motar da ke ratsa ruwa.

Gyaran jajibirin tafiya

Akwai wani ɓangare na wannan magana da masu cewa “a gyara kawai” ba su cika ambata ba. Gyara shi kansa yana da nasa haɗarin. Aksul ɗin da ya daɗe yana aiki da ɗan kukansa, an san halinsa. Wanda aka kwance jiya da dare aka mayar cikin gaggawa da fitilar waya, ba wanda ya san halinsa sai hanya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a aikin aksul maganar tana da dalilai na zahiri. Boris ɗin ƙafa yana da ƙa'idar ɗauri: in ya yi sako-sako zai ci, in an matse shi fiye da kima zai ƙone tun kafin a kai Takum. Babban notin hob na Land Cruiser da tsohuwar Hilux yana bukatar soket mai milimita 54, amma garejin da ba su da shi sukan yi amfani da kurfi da guduma, su kuma mayar da tsohon washa mai kunnuwa da ya riga ya gaji da lanƙwasawa. Haɗa manyan haƙoran tukunya kuwa aiki ne na gwani, mai bukatar awo, kuma idan aka kuskure kaɗan sabbin haƙora za su yi kukan da ya fi na tsofaffin, su ci cikin 'yan makonni. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Don haka idan an yanke shawarar gyara, a yi shi da tazarar mako guda ko fiye, a yi tafiyar gwaji da ɗan lodi, a taɓa kowane hob a ji zafinsa, a sake ɗaga ƙafa a girgiza, a sake bin notuna. Idan lokaci ya ƙure, kuma abin da ya ci yana cikin waɗanda ake iya lallaɓawa, to a ganinmu barinsa yadda yake tare da ɗaukar na canji ya fi kwance shi a daren tafiya. Idan kuwa yana cikin masu kayar da ƙafa, sai a ɗage tafiyar, ko a yi hayar wata motar.

Daga nan sai maganar inda za a sayi kayan. Tun bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, lokacin da sabbin kaya suka fi ƙarfin aljihun jama'a, kasuwar tokumbo ta zama ita ce madogara, kuma Ladipo a Legas da Nkpor da Nnewi a Jihar Anambara da Ƙofar Ruwa a Kano su ne manyan cibiyoyin kayan gyaran mota. A kowace kasuwa akwai mai kyau akwai jabu, kuma kwalin da aka buga wa sunan Koyo ko NSK ko SKF ko Timken ba shi ne shaidar abin da ke ciki ba, domin masu jabu sunayen da aka yarda da su suke kwaikwaya. Ƙa'idar da ta fi dacewa ita ce, boris da sil a saye su sababbi daga dilan da aka sani, wanda za a iya komawa wurinsa. Manyan ƙarafa kamar shaf da tukunya da gwiwa kuwa, tokumbo na asali sau da yawa ya fi sabon da ba a san maƙerarsa ba. Tsohon sil ba shi da wani amfani komai kyaun ganinsa.

Mai sayen tukunyar tokumbo ya kula da abu guda da ke jawo asara ba a sani ba. Dole lissafin haƙoran gaba da na baya ya zo ɗaya. A Toyota akwai mai haƙora 37 da 9, wato 4.11, akwai mai 43 da 10, wato 4.30, kuma a ido kamarsu ɗaya. A Land Rover tsofaffin samfura 4.7 ne, Defender kuwa 3.54. Idan aka sa wadda ba ta dace ba, mota za ta yi tafiya lafiya lau a kan kwalta muddin ƙafa biyu ke ja, ba wanda zai lura. Ranar da aka sa ogzilari, gaba da baya za su shiga ja-in-ja, har sai wani abu ya karye, ko shaf ko akwatin ogzilarin kansa. Ƙirga haƙora a gaban mai sayarwa bai fi minti biyu ba. Har wa yau, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun Afrilun 1972, motocinmu sitiyarinsu yana hagu, alhali kayan da aka ciro daga motocin Japan da Ingila na masu sitiyari a dama ne, kuma wasu sassan gwiwa da hannun sitiyari ba sa shiga juna.

Lissafin kuɗi

Ɗan kasuwa yakan kwatanta kuɗin gyara da ribar tafiya, ya ga gyaran zai cinye ribar, sai ya ce a je. Amma ba waɗannan biyun ya kamata a auna ba, tun da gyaran nan ko yau ko gobe sai an yi shi. Abin aunawa shi ne kuɗin gyara a gareji da kuɗin gyara a daji. A gareji, kayan gyara ne da ladan bakanike da kwanakin da mota za ta yi ba ta aiki. A daji kuwa, kayan gyaran sun ƙaru domin abin da ya fashe ya lalata maƙwabtansa, sai a aika Jalingo ko Anaca a sayo a ba motar haya ta kawo, in aka yi rashin sa'a ya zo bai dace ba a sake aikawa. Ga kuɗin ɗauko bakanike, ga na mai gadin mota, ga na wata motar da za a juye wa kaya a farashin da mai ita ya ga dama, domin ya san ba zaɓi. Janwe ba ya bin hanyar da Land Cruiser ta sha wuya kafin ta shiga. Idan lodin fiya ne ko ayaba ko dankali, kwana uku a cikin ruwan sama ya isa ya mai da shi abin zubarwa.

Wanda ke juya kuɗin banki yana da ƙarin dalili. A Nuwambar 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, kuma a lokacin bankunan kasuwanci sama da haka suke ba da rance, don haka kowace rana da kaya suka yi a tsaye tana da farashi. Gaskiya ne cewa kwanakin gareji ma suna da nasu farashin, sai dai su mai mota ne ke zaɓar lokacinsu, yana iya sa su tsakanin tafiya da tafiya, kafin a yi lodi. Kada kuma a dogara da inshora. Ta dole, wadda kuɗinta ga ƙananan motoci na gida ya koma naira 15,000 daga Janairun 2023, ɓarnar da aka yi wa wani take biya. Cikakkiyar inshora ma a bisa al'ada ba ta biyan lalacewar da ta samo asali daga tsufa ko cin ƙarfe.

Akwai kuma lodi, wanda shi ne ke mayar da ƙaramin ciwo babba. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya an yi ta ne don ɗaukar kimanin tan ɗaya, amma kowa ya san abin da ake ɗora mata, a ƙara mata ganyen sifirin don kada ta zauna, a sa mata manyan tayoyi. Sifirin yana ɗaga jikin mota ne kawai, bai ƙara wa boris ko shaf ƙarfin komai ba. Wanda ya yanke shawarar lallaɓa aksul mai rauni, mafi ƙarancin abin da zai yi shi ne ya rage kaya.

Mutum uku ne ke cikin wannan shawara, kuma kowannensu da inda bukatarsa ta karkata. Direban da ake biya bisa tafiya yakan ce, “Alhaji, za ta kai, na san motata,” domin zaman gareji ba ya kawo masa komai. Bakanike kuma wani lokaci yakan lissafo duk abin da ke cikin aksul, domin a nan nasa abincin yake. Mai mota da ke zaune a shago a Legas ko Anaca yana tsakiya, ga shi bai ga ƙafar da idonsa ba. Maganin wannan shi ne ya je garejin da kansa, ko ya aika wanda ya amince da shi, a girgiza ƙafa a gabansa, a juye mai a gabansa, a kuma ajiye masa duk abin da aka cire. Ya kamata kuma direba ya san cewa idan ya tsaya a hanya saboda ya ji wani baƙon sauti, ba za a zaftare masa kuɗi ba. Direban da ke tsoron faɗan maigida shi ne ke ci gaba da tafiya da boris mai hayaƙi.

Motar da za ta bar kwalta tana bukatar boris ɗin ƙafa na gaba da na baya, da sil, da giris, da galan na man giya, da soket ɗin hob, da washa sababbi. Mai tsohuwar Land Rover kuma ya ƙara da shaf ɗin baya, domin an san su da karyewa. Wurin dubawa na ƙarshe shi ne Serti. Bayan doguwar tafiya daga Bali, kafin a doshi Mayo-Selbe, direba ya tsaya ya zagaya motar ya kai bayan hannunsa kusa da kowane hob, ya leƙa cikin tayoyi ko akwai sabon ɗigon mai. Ɗumi ba laifi ba ne, musamman idan an sha taka birki, muddin hagu da dama sun yi daidai. Idan ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi sosai, ko ana jin ƙaurin giris, to a kwance shi a nan cikin gari, inda akwai kanikawa da wurin kwana da motocin da ke zuwa Jalingo.